Yadda Ake Zaɓen Kwalliyar da Ruwa Ba Ya Wankewa Idan Za a Ɗauki Hoto Cikin Ruwa

A 'yan shekarun nan amaren Sakkwato sun ƙara wani abu cikin hidimar biki, wato hoto cikin ruwa. Wata a wurin ninƙaya na otal take so, wata a tsakar gida za a haɗa mata yayyafi da tiyo, wata kuma burinta a gan ta cikin kwale-kwale a bakin gulbi. Ni kwalliya ce sana'ata, kuma ranar da na fara irin wannan aiki ban manta da ita ba. Amaryar ta zo da kayanta masu tsada, kowanne an rubuta a jikinsa cewa ruwa ba ya taɓa shi. Na yi mata kwalliya mai kauri irin ta zaman dina. Ba a yi minti 20 cikin ruwa ba baƙi ya sauko ƙarƙashin idonta, goshi ya yi dabbare-dabbare. Ta yi kuka, ni ma raina ya ɓaci ƙwarai, domin kuɗin wuri da na mai hoto sun riga sun tafi. Tun daga ranar na zauna na koyi abin da kyau, shi ne nake son in shimfiɗa miki, 'yar uwa, ko ke ce amaryar ko ke ce mai yi mata kwalliya.

Abu ɗaya nake so ki riƙe kafin komai: kwalliyar da ruwa ya kasa wankewa, mai ne ke narkar da ita. Haka aka ƙera ta. To mu kuma a garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris, Afrilu da Mayu, fatarmu da kanta take fitar da maiƙo. Don haka yawancin kwalliyar da ta lalace cikin ruwa, tun kafin a shiga ruwan maiƙon fuska da man da aka shafa sun riga sun sassauta ta, ruwa ƙarasa aiki kawai ya yi. Duk matakan da ke tafe a kan wannan aka gina su.

Fara da sanin ruwan

Ki tambayi mai hoto tun da wuri: fuska za ta jiƙe ko ba za ta jiƙe ba? Idan ruwa iya ƙugu ko kafaɗa ne, ana ɗan watsa shi sama, kayan da ke jure gumi sun isa. Idan yayyafi za a sakar miki a kai, ido da gira ne za su fi shan wuya. Idan kuwa nutsar da fuska za a yi, komai sai an canza, har da yawan abin da za a shafa.

Ruwan wurin ninƙaya yana da sinadarin kulorin, yana busar da fata, yana kuma sa ido ja idan an daɗe. Na gulbi kuma magana ce daban, kuma ba zan ɓoye miki ra'ayina ba: kada ki shiga. Ki tsaya a gaɓa ko cikin kwale-kwale da rigar kariya a kusa. Ruwan da ke kwance a madatsu irin na Goronyo da tafkuna da magudanun noman rani wuri ne da ake kamuwa da tsargiya, domin ƙwayar cutar daga jikin katantanwa take fitowa ta ratsa fatar mutum, ba sai an sha ruwan ba. Da damina kuma gulbin Rima ba abin wasa ba ne, duk wanda ya ga ambaliyar 2010 a Sakkwato ya san haka. Ban da wannan ma, ruwan gulbi laka gare shi, yana barin ƙura-ƙura a fuska idan ya bushe.

Sai ki tsara lokaci da salla

Wannan shi ne matakin da ba za ki samu a bayanin kamfanonin kayan kwalliya ba, alhali mu shi ne kan gaba. Abin da ya hana ruwa wanke kwalliya shi ne dai zai hana ruwan alwala isa ga fata. Fandeshan mai jure ruwa shafi ne da ke rufe fata, sai an cire shi tukuna alwala ta inganta. Lalle ba haka yake ba, launi ne ya kama fata bayan an wanke kwaɓin, shi ya sa ba ya hana alwala.

Saboda haka na fi son aikin safe. A fara kwalliya bayan asuba, a shiga ruwa tsakanin ƙarfe 8 da 10, a gama a goge komai tun kafin azahar. Hasken safe ma ya fi laushi a hoto, rana ba ta fara dukan kai ba, gumi bai taso ba. Idan dole sai da yamma, ki yi alwala kafin a ɗora komai a fuskarki, ki yi la'asar, a shiga ruwa, sannan ki ware aƙalla minti 20 na gogewa kafin magariba. Kada ki bari a ce miki "saura hoto ɗaya" har lokaci ya ƙure. Da hunturu kuwa a jinkirta zuwa hantsi sosai, don sanyin ruwa na Disamba da Janairu yana sa leɓe ya kware, jiki ya yi ta karkarwa, kuma babu jan bakin da ke ɓoye wannan.

Karanta kwalbar, ba gabanta kaɗai ba

Kalmomi biyu za ki riƙa gani da Turanci. "Water-resistant" na nufin yana jure gumi, hawaye da ɗan yayyafi. "Waterproof" na nufin an yi shi ne don ya jure jiƙewa sosai. Wanda aka rubuta "long-wear" kawai, daɗewa yake nufi, bai yi alkawarin komai game da ruwa ba. Amma rubutun gaba talla ne. Gaskiyar tana baya, inda aka jera sinadarai, kuma ana jera su ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci.

Ki nemi sunaye huɗu. Isododecane wani ruwa ne mai saurin tashi, yana ɗauko launin ya shimfiɗa shi, sai ya bushe ya bar shi manne. Trimethylsiloxysilicate ƙaro ne na silikon, shi ke yin siririn shafin da ke riƙe launi kamar fata ta biyu. Dimethicone silikon ne mai santsi da ke ture ruwa. Acrylates copolymer kuma wani mai ɗaurewa ne da ake yawan samu a cikin ruwan feshi da abin zana ido. Idan kin ga biyu daga cikinsu a layin farko ko na biyu, kin kama hanya. A maskara kuma ki ƙara neman kakin zuma ko kakin karnauba, sai dai ki lura cewa mai jure ruwa ta gaskiya yawanci isododecane ne farkon jerinta, ba aqua ba, wato ruwa. Idan kuwa mayuka ne suka cika saman jerin, ki ajiye shi don wata rana.

Sannan ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Akwai kuma wani ɗan zanen gwangwani buɗaɗɗe da aka rubuta 6M ko 12M a cikinsa, ma'anarsa watannin da kayan zai yi bayan an buɗe shi. Jabu ya yi yawa a kasuwa, kuma ko na gaskiya ne, idan ya yi watanni yana shan rana a kan tebur a bakin hanya, sinadarin da ke saurin tashi ya riga ya gudu. In kin shiga Babbar Kasuwa ko Tsohuwar Kasuwa, ki sayi na cikin shago a inuwa, ki girgiza kwalbar, ki ƙi wanda mai ya rabu ya taso sama ko ya canza wari. Maskara idan ta wuce wata 3 da buɗewa ki rabu da ita.

Gwaji a gida, mako guda kafin ranar

Duk abin da na faɗa a sama bai kai wannan muhimmanci ba. Ki shafa kowane kaya a cikin damtsenki, layi-layi, ki bar shi minti 10 ya bushe. Ki tsoma hannun cikin bokitin ruwa minti 5. Ki fitar, ki duba ba tare da taɓawa ba. Sai ki danna tishu fari a kai, ki ɗaga. Wanda ya bar launi a tishu ya faɗi. Daga nan ki murza da yatsa a hankali sau uku, domin a ranar hoto sai mayafi ya gogi kumatu ko ba ki so.

Waɗanda suka tsallake, washegari ki yi cikakkiyar kwalliya da su, ki zauna awa 2 kina hidimar gida har ki yi gumi, sannan ki shiga wanka ki sakar wa fuskar ruwa daga buta ko shawa. Ki fito ki sa a ɗauke ki hoto da waya, ɗaya a hasken rana, ɗaya a ɗaki da filashi. Hoton filashin zai nuna miki ko hodarki tana mayar da haske, irin farin nan da ke fitowa ƙarƙashin ido kamar an watsa gari. Hoda mai silika da yawa ce ta fi yin haka, kuma a baƙar fata abin ya fi fitowa fili. Wannan gwajin ne kuma zai tona idan fatarki ba ta karɓi wani abu ba. Ƙaiƙayi ko ƙuraje gara su fito yau da su fito ana saura kwana biyu ɗaurin aure.

Kaya ɗaya bayan ɗaya

Fata tukuna. Ranar hoto ba ranar man kaɗe ba ce, ba ta basilin ba, ba ta man zaitun ba. Ki sha ruwa ki shafa mai da daddare, da safe kuma ki wanke fuska ki sa ɗan man da ba shi da maiƙo, ki bar shi minti 15 ya shige. Kada a yi miki dilka ko halawa a fuska ana gobe, fatar da aka murje kulorin na sa ta zafi, a ba ta aƙalla kwana 3. Idan a fili ne, ki sa man kariya daga rana mai jure ruwa. A kansa ne kaɗai za ki ga an rubuta minti 40 ko 80, wato tsawon lokacin da aka gwada shi cikin ruwa. Ki zaɓi wanda ba ya barin fari a baƙar fata.

Furaima, wato shafin farko da ake sawa kafin fandeshan, mai silikon, ɗan kaɗan, a goshi, hanci da haɓa. Fandeshan ma mai silikon, don su kama juna. Haɗa furaima mai silikon da fandeshan mai ruwa yakan sa kwalliya ta riƙa murmushewa tun a kan kujera. Game da fandeshan, rabin abin da kika saba ya isa. Na san amarenmu suna son fuska ta rufu ruf, amma kauri shi ne ke kwaɓewa. Siririn shafi yana bushewa har ƙasa ya manne, mai kauri kuwa samansa ne ke bushewa, ƙasansa na nan danye, ruwa na samun kafa ɗaya sai ya ɗaga shi. Inda akwai tabo, a ɗiga konsila, wato abin rufe tabo, a wurin kaɗai. Launi kuma ya zo daidai da wuyanki. Wanda ya fi ki haske ko da kaɗan ne, da ruwa ya sauko zai nuna iyaka tsakanin fuska da wuya.

Kumatu: mai kama da kirim ko mai ruwa-ruwa da ke rina fata, a daddanna da yatsa. Mai kama da hoda kuwa yana tafiya da ruwan farko. Ƙyalƙyali a goshi da hanci ki bar shi, jiƙaƙƙiyar fata da kanta take sheƙi.

Gira tana da wuya, domin jagirar da muka saba da ita mai laushi ce, maiƙo gare ta. Ki nemi ta gwangwani mai kauri da ake ɗiba da siririn buroshi, ko mai kama da alƙalami, sannan ki bi da jel mai ɗaure gashi. Ki zana gashi-gashi, kada ki cike ta baƙi ƙirin.

Ido shi ne inda hoto ke rayuwa ko ya mutu, don haka zan ɗan daɗe a nan. Fatar ido tana da maiƙo fiye da yadda ake zato, sai an fara sa mata furaimarta. Launin saman ido ya zama na sanda ko na kirim mai bushewa, kala ɗaya ko biyu, ruwan ƙasa ko ruwan zinariya mai duhu. Abin zana ido na jel ko na ruwa mai jure ruwa, a sama kaɗai. Ƙasan ido ki bar shi kusan wayam, don duk abin da aka sa a nan ƙasa zai gangara. Kwallinmu na gargajiya, duk da ƙaunar da nake masa, ba na wannan rana ba ne. Gari ne, ba abin da ke riƙe shi, ruwa na taɓawa zai bazu. Ga shi kuma kwallin dutse yawanci yana ɗauke da dalma, wadda ke cutar da jiki, musamman yara da masu ciki.

Maskara iri biyu ce ke ruɗa mutane. Akwai mai jure ruwa ta asali, wadda sai da mai take fita. Akwai kuma wadda ke naɗe kowane gashi kamar ɗan bututu, tana jure gumi da hawaye sosai, amma ruwan ɗumi da ɗan murzawa ne ke cire ta. Ruwan da ya wuni a tankin sama ko a fili ƙarƙashin ranar Sakkwato ɗumi gare shi, saboda haka ta farkon za ki ɗauka. Shafi biyu sirara, a taje tsakaninsu. Gashin ido na ƙari kuma, dogon nan mai nauyi yana shan ruwa ya rusuna, kusurwarsa ta ɗaga. In ba makawa, a sa gajere mara nauyi ko na ɗaiɗai a gefen ido, da gam mai jure ruwa, a kuma gwada gam ɗin tun a makon gwaji, don wasu jikinsu ba ya shiri da roba da ke cikinsa. Gilashin nan da ake mannawa a ƙwayar ido don canza launi kuwa, kada ki kuskura ki shiga ruwa da shi. Akwai ƙwayar cuta a ruwan famfo, na tafki har da na wurin ninƙaya da ke maƙalewa tsakaninsa da ido, tana iya kai mutum ga rasa gani.

Baki: jan baki mai ruwa wanda ke bushewa ya daina sheƙi. A goge leɓe da jiƙaƙƙen tsumma mai laushi, a share duk wani man leɓe, a zana iyaka a cike da fensir, a shafa siriri, a buɗe baki minti 2 kada leɓɓa su haɗu. Man sheƙi a kai zai narkar da shi.

Lalle ya riga ya zama abokin ruwa, a yi shi kwana 2 kafin ranar don ya nuna. Sai dai baƙin da ake haɗawa da rinin gashi yana da sinadarin PPD, wanda ke ƙona fatar wasu har ta yi ƙuraje da tabo. Ki tambayi mai ƙunshi abin da ta zuba.

Ɗaurewa

Bayan fandeshan, a danna hoda mara launi da soso, dannawa ba sharewa ba, a kakkaɓe ragowar. A fesa ruwan ɗaure kwalliya daga nisan taƙi ɗaya da rabi, ido a rufe, a bari ya bushe. A sake danna hoda kaɗan a goshi da hanci, a sake fesawa. Ki tabbata mai ɗaurewa ne, mai acrylates, domin akwai wani feshin da aikinsa sanyaya fuska kawai. Daga nan a jira minti 30 a ɗaki mai sanyi ko gaban fanka kafin a doshi ruwa. Wannan jiran mutane ke tsallakewa saboda mai hoto na ƙofa yana kira, kuma shi ne rabin aikin.

Cikin ruwa

Hannu ba ya zuwa fuska. Da kin fito, ɗabi'a za ta sa ki share ido, to ki hana kanki. Ki ɗan sunkuyar da kai ruwan ya ɗiga, mai taimaka miki ta daddanna da tishu ko tawul mai laushi. Ki roƙi mai hoto ya fara da hotunan da fuska ke bushe, sai na yayyafi, nutsewa ta zo ƙarshe. Kada a ƙara hoda a jiƙaƙƙiyar fuska, kwaɓi za ta yi. A bari ta bushe, a gyara da ɗan konsila inda ya buɗe.

Tufafi ma suna shiga lissafin. Yadi mai haske ko shara-shara yana manne wa jiki ya nuna abin da ba ki so idan ya jiƙe, don haka ki zaɓi mai duhu mai kauri, ki sa wani a ciki, ki jiƙa shi a gida ki gani a madubi. Sabon mayafi ko atamfa mai zuba a wanke su tukuna, na taɓa ganin jan mayafi ya rina wa amarya kumatu. Doguwar riga idan ta sha ruwa nauyi take yi sosai, ki tsaya inda ƙafarki ke taka ƙasa, a kuma samu wadda ta iya ruwa a kusa. Amare da yawa sun fi sakewa idan mai hoton mace ce kuma an keɓe wurin, ki nemi hakan tun wurin ciniki.

Cirewa

Sabulu kaɗai ba zai fitar da ita ba, dirzawa kuma gashin ido zai karya. Yanzu ne man da muka guje wa tun safe zai yi amfani. Ki samu abin goge kwalliya mai hawa biyu, wanda mai ke sama ruwa ke ƙasa sai an girgiza, ko man zaitun ko na kwakwa mai tsabta. Ki jiƙa auduga, ki ɗora a rufaffen ido daƙiƙa 30, ki ja ƙasa a hankali. Fuska kuma a murza man a busasshiyar fata, sannan a wanke da sabulun fuska sau biyu da ruwan ɗumi. Ki bi gefen hanci, cikin gira, bakin gashin goshi da ƙarƙashin haɓa da farin tishu. Idan ya fito fari kuma ruwa na kwanciya a fatar maimakon ya dunƙule ya gangara, fuskarki ta fita, sai ki ɗauki buta.